Ranar da Giya Ta Kori Kifi Daga Firij

Shekara da shekaru ina kunna kyandir a cocinmu na Assolna, ina roƙon Allah ya dawo mini da mijina Domingos gida lafiya. Kuku ne a jirgin ruwa, kamar rabin mazan garinmu. Ya zo da damina ya yi ɗan hutu, kafin mu gama sabawa ya koma. Da ya yi ritaya ya dawo gaba ɗaya, makon farko barci ya yi ta yi a baranda, na ce abin nema ya samu. Mako na biyu na dawo daga kasuwa na tarar da shi a kicin ɗina, ya ɗaura ƙyallen girki a ƙugu, yana jera mini wuƙaƙe daga babba zuwa ƙarama.

"Baban Zelia, me ka rasa a nan?"

"Piedade, wannan kicin ba tsari. Ya kike gane inda abu yake?"

"Da idona nake ganewa. Fita."

Bai fita ba. Mutumin da ya saba ciyar da jirgi guda ba ya iya dafa abincin mutum uku, sai ya nemi abin da zai dafa da yawa. Abin da ya faɗa masa a rai shi ne catni. Mu a gidanmu catni abu ne da ake niƙawa a dutse da safe, kwakwa da ɗanyen barkono da tsamiya, a cinye da rana, a wanke kwano. Nasa ba haka ba ne. Wani Bature injiniya ne ya koya masa a jirgi: a yanka 'ya'yan itace, a zuba ruwan kal da mazarƙwaila da kayan ƙamshi, a dafa har ya yi kauri, a ɗura a kwalba. Kuma wai kowane catni da giyar da ta dace da shi, kamar yadda kowace tukunya take da murfinta.

Da mangwaro ya fara. Bishiyar bayan gida ta yi 'ya'ya sosai a bana, na riga na ƙudura zan jiƙa ɗanyun a gishiri saboda damina, lokacin da kifi ke wuya. Wata safiya na leƙa, bishiya ta koma ganye zalla. Daga mangwaro ya koma abarba, daga abarba sai tumatir da albasa, sai yalo da tafarnuwa, sai dabino da tsamiya. Har gwandar maƙwabta da ta leƙo ta katanga bai bari ba. Tururin ruwan kal da barkono ya cika gidan, mu yi ta tari, labule ya ɗauki wari, rigar cocina ta ɗauki wari. Ranar da na nemi farin mayafina na zuwa sujada, a kan igiya na same shi, ya zama ruwan ɗorawa. Da shi ya tace tsamiya.

"Ai ramukansa daidai ne," in ji shi. "Ki taɓa ki ji."

Kowace la'asar kuma sai ga abokansa biyu: Bostiao mai mashayar bakin gada, da Caitan tsohon direban bas. Wai sun zo ɗanɗano. Domingos ya jera ƙananan faranti a teburin baranda, ya fasa kwalba, ya tsaya a kansu kamar fadan coci a kan mumbari.

"Wannan na ɗanyen mangwaro ne, da farar giya mai sanyi ake cinsa. Ku fara lasa, sannan ku kurɓa. Kun ji yadda ta wanke yajin?"

"Kai, ba magana!" in ji Caitan.

"Wannan kuma na dabino ne, sai baƙa mai ɗaci."

"Domingos, hannunka sai dai a gaishe shi," in ji Bostiao, yana miƙa kofi.

Wata rana don in gwada su na ɗebo ragowar miyar jiya na zuba a faranti na sa a cikin jerin. Caitan ya lasa, ya lumshe ido, ya ce wannan ya fi duka. Na gaya wa Domingos da dare ya yi, ya ce ai Caitan mura yake yi.

Ana cikin haka maganar Zelia ta taso. 'Yarmu ɗaya ke nan, ma'aikaciyar jinya ce a birnin Margao, ta haɗu da wani yaro mai hankali, Savio. Iyayensa suka aiko cewa za su zo ranar Lahadi bayan sujada a ga juna, a tsayar da rana. Na tsara abin da zan dafa: miyar kifi da kwakwa, soyayyen jatan lande, kaza da yaji, shinkafa. Ranar Asabar na je bakin kogi da kaina na zaɓo kifi yana motsi, na gyara, na jera a firij.

"Ni ma na yi shiri," in ji Domingos. "Zan fito da catnina duka, kowanne da giyarsa."

"Ba mashaya za su zo ba, gidan surukai za su zo."

"To ai shi ya sa. Su san irin gidan da ɗansu zai shiga."

"Abin da nake tsoro ke nan. Baban Zelia, don Allah, rana ɗaya tak na roƙe ka. Ka sa farar riga, ka zauna, ka yi murmushi."

Ya ce to. Da na san irin "to" ɗinsa da ban je coci ba.

Ran Lahadi muka tafi sujadar farko ni da Zelia, shi ya ce zai je ta yamma. Fada ya ja huɗuba, bayan an tashi matan ƙungiya suka tare ni da tambayoyi, kafin mu iso gida rana ta take. Watan Mayu ne, zafi kamar a gasa burodi a kan dutse. Tun daga ƙofar gida hancina ya gaya mini. Na shiga kicin, ga kwanon kifina a kan tebur kusa da taga, rana na dukansa, ƙudaje sun yi masa baƙi. Jatan lande ya canza launi. Kazar kuwa rabinta na bakin katanga, hankaki biyu na rabo. Na buɗe firij. Kwalaben giya ne a kwance tun daga sama har ƙasa.

"Domingos!"

Ya shigo da farar riga, yana murmushi kamar yadda na ce.

"Me ya fitar da kifina?"

"Na ɗan lokaci ne. Giyar alkama in ba ta yi sanyi ba…"

"Tun yaushe?"

"Da kuka fita." Ya sunkuya ya shinshina kwanon, ya ɗago a hankali. "A jirgi ɗakin girkinmu da sanyi."

"Nan ya yi maka kama da jirgi? Ka ga ruwa ta taga? Kai kuku ne ko mai gadin kwalabe?"

"Mama, sun sauka a gada," in ji Zelia, wayarta a hannu.

Ba lokacin faɗa. Na zubar da kifin a ramin bayan gida, na kunna turare, na ɗora shinkafa da miyar wake, na soya ƙwai. Domingos ya ruga wurin mai burodi ya kwaso abin da ya rage. Na dubi teburin, abincin da ko baƙon da ya ɓata hanya ba zan ba shi ba. Na ce, "Kawo kwalaben catninka." Ban taɓa faɗin magana mai ɗaci kamar wannan ba.

Savio ya shigo da iyayensa. Uban, Anastasio, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, dogo siriri, gaisuwarsa ma da kai yake yi. Uwar, Carmelina, gajeriya ce mai faɗi, tun kafin ta zauna ta gaya mana kuɗin mota ya yi tsada, matakalarmu ta yi tsayi, kuma mijinta ba ya shan giya, ba ya cin yaji, likita ya hana. Na ga fuskar Domingos ta faɗi. Duk wahalar nan dama don namijin ya yi ta.

"To ku kawo masa ruwa," in ji Carmelina. "Ni ba abin da likita ya hana ni. Mene ne wannan?"

"Na ɗanyen mangwaro ne, 'yar'uwa," in ji Domingos, "da farar giya…"

Ta ɗiba da burodi, ta tauna, ta kurɓa. Muka zuba mata ido.

"Zaƙi ya yi yawa."

"Na'am?"

"Alewa ka yi. Ina tsamin mangwaron? Ka kashe shi da mazarƙwaila. Giyar ba ta sami abin wankewa ba, sai ta zama kamar ruwan randa."

Na taka ƙafar Domingos a ƙarƙashin tebur. Bai ji ba. Ya tura mata na yalo.

"Wannan tafarnuwar ta ƙone."

"Ba ƙonewa ba ce, gashi ne. Da gangan na yi."

"Kowa ya ƙona abu haka yake cewa. Zuba mini baƙar."

"Baƙar ba ta yalo ba ce, ta dabino ce."

"Wa ya ɗaura musu aure? Zuba."

Ya zuba yana huci. Ta ci, ta kurɓa, ta tura masa kofin. Ya ƙi, ta matsa, ya lasa ya kurɓa. Ya ce ba laifi, amma da na dabino ta fi dacewa. Ta ce dabino abincin marasa haƙora ne. Ya ce ya yi girki a tashoshin da ko sunansu ba za ta iya faɗa ba. Ta ce mutanen jirgi ai ba su da inda za su gudu, dole su ci. Murya ta fara tashi. Suka miƙe, suka nufi kicin, wai za ta nuna masa yadda ake soya citta kafin a zuba ruwan kal. Ina jin ƙarar tukunyata, wadda na ɓoye a bayan buhun shinkafa.

Zelia ta shige ɗaki tana kuka, Savio ya bi ta har bakin ƙofa ya tsaya yana lallashi. Ba wanda ya ambaci aure ko da kalma ɗaya. Na fita baranda na zauna, na dafe kai. Can sai na ji an ja kujera. Anastasio ne, da farantin shinkafa da ƙwai a hannu.

"Ki yi haƙuri da abin da kika gani," in ji shi. Karo na farko ke nan da na ji muryarsa.

"Mu ne da ba da haƙuri, Baban Savio. Kifi na tanada muku, sai…"

"Na ji warinsa daga ƙofa. Ba komai, ni ƙwai ya fi mini." Ya saurara. Daga kicin Carmelina na cewa wuta ta yi yawa, Domingos na cewa ta sakar masa ludayi. "Kin ji? Rabon da ta sami mai mayar mata da magana tun rasuwar yayanta. Ni ba na iyawa. In ta faɗi abu sai in ce haka ne, sai ta ƙara fushi."

"Nawa kuma ba a taɓa ce masa abincinsa bai yi ba."

"To kar ta san kar. Yarinyarku tana son yaronmu?"

"Tana so."

"Shi ma haka. Bayan damina ya yi miki? Asabar ta farko a Nuwamba?"

Muka tsayar da rana mu biyu, muka yi maganar coci da yawan baƙi, na kira yaran na gaya musu. Zelia ta share hawaye ta rungume ni. Da aka shiga kicin aka sanar da su, Carmelina ta ce madalla ba tare da ta juyo ba, Domingos ya ce a miƙo masa kanumfari.

Da za su tafi da yamma na ɗauka an gama. Na ce wa Domingos yanzu dai ya ji gaskiya daga bakin da ba nawa ba, sai ya tattara kwalabe ya bar mini kicin. Ya gyaɗa kai, ya yi kwana biyu yana zaune a baranda shiru, har na fara jin tausayinsa. Ran Laraba da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Carmelina ce, da buhun lemun tsami da tukunyarta ta ƙasa, Anastasio na biye da ita ɗauke da jarida.

"Ina mutumin? Yau zai ga yadda ake yi."

An gudu ba a tsira ba. Da ɗaya nake fama, yanzu sun zama biyu. Bostiao da Caitan sun zo da la'asar kamar kullum, Carmelina ta tambayi Caitan me ya ji a bakinsa, ya ce ba magana, ta ce to in ba magana ya ajiye kofin. Ba su ƙara zuwa ba sai jefi-jefi.

Na haɗa murhun duwatsu a bayan gida ƙarƙashin kwakwa, can nake dafa abincin gidan duk ranar da suka zo. Da ruwa ya sauka Savio ya kafa mini rumfar kwano. Anastasio ya kan kawo kujerarsa nan, in dama masa kunun shinkafa, ya karanta mini labaran jarida, mu ji su can ciki suna gardama a kan gishiri.

A wurin bikin kowane tebur an ajiye catni iri biyu, na Domingos da na Carmelina. Duka an cinye. Har yau suna musu a kan wanda ya riga ƙarewa, kuma kowannensu ya zo ya same ni a ɓoye wai in ba da shaida. Na ce musu ni ranar amarya nake kallo.