Baba a Bayan Farantin Sola

Tun da gwiwoyin Baba suka yi masa tawaye, duniyarsa ta koma baranda. Tsohon direban babbar mota ne, mutumin da a da ba ya kwana biyu a gari ɗaya. Yanzu ga shi a saman bene wajen ɗansa, matakala ta fi ƙarfinsa, daga shi sai kujerar katako da sanda. Amma kada ka yi saurin tausaya masa. Daga kan kujerar nan, ta tsakanin ƙarafan baranda, Baba ke mulkin titin gaba ɗaya. Ya san wanda ya makara zuwa aiki, ya san direban bas ɗin da bai iya shan kwana ba, kuma kullum sai ya nuna masa hakan da hannu.

Babban abokin faɗansa wani tsoho ne mai gyaran takalmi, rumfarsa na tsallaken titi. Ƙarar motoci ba ta bari a ji magana, saboda haka da hannu suke zagin juna. Da safe mai takalmi zai ɗago kai, ya miƙe, ya kwaikwayi ɗingishin Baba. Baba ya ɗaga sanda, ya yi masa gwalo, ya shafa kai don ya tuna masa sanƙonsa. Sai hankalin kowa ya kwanta, a kama harka. Ba su taɓa yin musabaha ba, ko sunan juna ba su sani ba.

Ana nan sai ga Injiniya da manyan kwalaye. Injiniya ɗan Baba ne, kuma ba injiniya ba ne, a shagon sayar da wayoyi yake aiki. Sunan ya samo asali ne tun yana yaro, ranar da ya kwance fankar gida, wadda har yau ba a haɗa ta ba.

"Baba, sola ce," in ji shi, bakin nan har kunne. "Ba irin ta kan rufi ba. Wannan a jikin baranda ake rataye ta, a jona 'yar na'urar nan, a soka filogi a soket kamar dutsen guga. Shi ke nan, rana ta riƙa rage mana kuɗin wuta."

"Rana ta san ka ne?" in ji Baba.

Ranar hutu aka shigar da Baba falo, Injiniya ya tuɓe riga ya kama aiki. Ya kalli bidiyo a waya, ya tsayar, ya koma baya, ya sake kallo. Matarsa ta riƙe masa bel ta baya yana leƙe ta kan ƙarfe, tana cewa, "Wallahi in ka faɗa, ba a bakina za a ji abin da ya kashe ka ba." Noti ya suɓuce ya yi ƙasa, sufana ta bi shi. Faranti biyu ne baƙaƙe ƙirin, kowanne kamar ƙyauren ɗaki. Bawan Allah ya auna inda rana ke fitowa, ya auna inuwar benen maƙwabta, har iska sai da ya auna da ɗan yatsa. Komai ya auna, kuma duk a tsaye ya auna, daga tsaye kuwa titi na nan fes. Ko sau ɗaya bai ɗora ɗuwawunsa a kan kujerar ubansa ba.

Da aka gama ya soka filogi, wata 'yar fitila ta yi kore, ya buga ihu har maƙwabta suka leƙo. Aka rako Baba ya zauna a wurinsa.

"Yaya ka gani, Baba?"

"Na ga waya, da wata takarda an liƙa."

"Ga inuwa ma ka samu a ɓagas!"

Baba ya dubi gabansa. Titin ya tafi. Yana jin motoci, yana jin ana ciniki, amma abin da ke gabansa bayan faranti ne fari fat. Ya yunƙura zai miƙe, gwiwa ta ce ba da ita ba. Washegari da safe ya ɗaga sanda sama da farantin ya kaɗa, ba tare da ya san ko wani ya gani ba. To yaya dattijo zai buɗe baki ya ce wa ɗansa a cire kayan nan, wai don yana kewar wani tsohon banza mai gyaran takalmi? Ai gara a yanka shi.

Sai ya koma yaƙin sunƙuru. Da zarar Injiniya ya fita, Baba ya sa sanda ya cilla jiƙaƙƙen tawul kan faranti. Can a shago Injiniya ya duba wayarsa da ke haɗe da solar, ya ga wutar da take bayarwa ta yi ƙasa, ya kira gida a rikice.

"Hadari ne ya taso a wajenku?"

"Wane hadari? Tawul ɗin Baba ne."

Bayan tawul aka yi na singileti, aka yi na bargo, rannan har da wando. Injiniya ya durƙusa ya yi masa bayanin yadda inuwa ke kashe sola, da misalai. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai ya ga wurin shanya mai kyau.

Amma wasan bai daɗe yana yi masa daɗi ba. Kaɗaici ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a tsakiyar daji da mota a lalace. Ya daina fita barandar, ya kwanta a ɗaki yana kallon silin, abinci sai ya tsakura ya ture. Surukarsa ce ta gano. Yana kwance ya ji ta ta ce wa mijin, "Kai da auna-aune, je ka zauna a kujerar can ka dawo." Injiniya ya je. Da ya zauna, bai ga komai ba sai bayan faranti. Da safe Baba ya hango shi ta ƙofa ya saɓa kujerar a kafaɗa ya yi waje, fuska ba annuri. Baba ya ce a ransa, to, har kujerar ma, ya juya ya fuskanci bango.

Da hantsi aka ji wani yana hawowa matakala, yana haki kamar tsohuwar mota a kan tudu. Aka ƙwanƙwasa, suruka ta buɗe. Baba ya ji wata baƙuwar murya, shaƙaƙƙiya, tana rawa.

"'Yata, Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya jiƙansa. Yaushe aka yi rasuwar, ba wanda ya gaya mana?"

"Innalillahi! Wa ya rasu?"

"Tsohon nan mai sanda. Mai baƙin hali."

"Uban wa ya mutu?" in ji Baba daga ɗaki. Bai san lokacin da ya kai ƙofa ba, ranar gwiwa ba ta yi gardama ba.

Mai takalmi ne tsaye, cikin rigarsa ta fita unguwa, idanu jajur, hawaye bai gama bushewa ba. Suka ƙura wa juna ido.

"Kana da rai?" in ji mai takalmi. "Kai, amma an yi mugu! An toshe baranda da baƙin allo, an daina ganinka, yau kuma na ga ɗanka ya fito da kujerarka. Na rufe rumfa saboda kai. Na hau benen nan da wannan ƙirjin nawa!"

"Ashe muryar ma ba daɗi," in ji Baba. "Kusa da kusa sanƙon ya fi muni. Shigo ka zauna kafin kai ka mutu mana a ƙofa."

Suruka ta dafa shayi tana dariya har da riƙe ciki. Tsofaffin nan suka zauna a falo suna caccakar juna, daga nan aka gangara kan motoci, aka koma kan matan da kowannensu ya binne, aka sake komawa zagi. Sai da rana ta yi sanyi mai takalmi ya tafi, yana rantsuwa ba zai ƙara zubar da hawayensa a banza ba.

A matakala suka yi kiciɓis da Injiniya, yana hawowa da kujerar. Ashe wajen kafinta ya kai ta aka ƙara mata dogayen ƙafafu, ta yi tsawo kamar ta mai aski. Da matarsa ta ba shi labari, kunya ta rufe shi. Ya ajiye kujerar, ya ɗauko sufana.

"Baba, ka yafe mini. In kujerar ba ta yi ba, yanzun nan zan sauke faranti ɗaya."

"Ka taɓa shi in karya maka hannu. Kujerar ma mayar da ita lungu."

"Haba Baba, ba titi kake son gani ba?"

Baba ya daɗe yana kallon kofin da baƙonsa ya sha shayi. Da ya yi magana, muryar ta yi ƙasa.

"Shekara da shekaru ina zaune a barandar nan, kowa ya ɗago mini hannu ya wuce, ba wanda ya taɓa hawowa. In tsohon nan ya gan ni daga ƙasa, gobe ba zai zo ba."