Bakacen Mma

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki a Greensboro ta Amurka, da ƙarfe huɗu na yamma ta yi, kowa ya san Mma za ta tashi. Tsohuwa ce 'yar zangon Kumasi. Ciwon mantuwa ya cinye mata sunayen 'ya'yanta, amma bai taɓa ƙarfin hannunta ba. Sai ta kama ƙofa tana jijjigawa, wai aiki na jiran ta. Ranar wata Talata har ta kwaɗa wa wata nas mari.

Prisca, manajarmu, ta kira ni ofis. "Tchima, ke kaɗai ke jin yarenta. Likita ya ba mu sati biyu. In ba ta lafa ba, za a ɗora ta a kan maganin sa barci."

Na san masu shan maganin nan. Wuni suke a kujera, kai a langaɓe. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ba wai ba a gwada motsa jiki ba. Kullum ana jera tsofaffi a da'ira, a kunna kiɗa, a yi ta buga musu balan-balan. Da aka jefo wa Mma, harara ta bi mu da ita.

"Ni sa'arku ce? Da jikokina za ku sa ni wasan yara?"

Wallahi gaskiyarta. Na buga wa 'yarta Daso waya, ta ce shekara arba'in Mma ta yi tana sayar da shinkafa da wake, kuma da la'asar take gyara waken gobe.

Na bi titin Gate City Boulevard shago-shago har na samo faifai. Washegari kafin huɗu na durƙusa gabanta da wake, na fara bakace kamar wadda ba ta taɓa shiga kicin ba. Rabi a faifai, rabi a ƙasa.

"Kai, kai, kai! Wace ce uwarki?" Ta fizge faifan. "Miƙe bayanki. Daga wuyan hannu ake kaɗawa, ba daga kafaɗa ba."

Ta gyara zama, ta shiga cilla waken sama tana tarewa, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba. Minti ashirin tana yi. Daga nan muka taka har famfo ta wanke hannu, muka zagaya lambu sau biyu don ta duba inda za a shanya. Huɗu da rabi ta wuce, ƙofa ba wanda ya taɓa ta.

Haka muka yi ta yi kullum, ni dai ban taɓa iyawa ba, ita kuma ba ta gaji da gyara ni ba. Faɗa kam na sha shi.

Ranar da sati biyu suka cika, likita ya zo da takardar maganin a hannu. Ya tsaya ya kalle mu, ya karanta rahoton Prisca, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Daɗi ya sa na manta kaina, na yi bakace na gaske, irin wanda aka koya mini a Maradi.

Mma ta zuba mini ido. Ta juya ga likita, ta dafa ƙirjinta.

"Ka gan ta nan? Da ta zo ba ta iya komai ba. Ni na koya mata."