'Yan Tsakin Suwaiba

"Juya shi in ga ƙarƙashinsa," in ji Ya Fanna.

Suwaiba ta durƙusa a bakin katifa, ta juya ɗan tsakon a tafin hannunta. Ko motsi bai yi ba, fukafukansa sun zube, idonsa a lumshe. Saudatu, 'yar Ya Fanna, wadda ta zo jinyar tsohuwar daga Kirikasamma, tana tsaye a bakin ƙofa da kofin kunu, ranta a ɓace.

"Ya, likita fa cewa ya yi ki huta."

"Ai ga ni a kwance. Buɗe min taga."

Shekara uku ke nan Suwaiba da tsohuwar suna katanga ɗaya. Duk unguwar an san Ya Fanna da kiwon kaji, har ciwon zuciya ya kumbura mata ƙafafu ta rabar da su. Suwaiba kuwa ba ta taɓa kiwo ba sai bana, da kogi ya cika ya shanye shinkafar mijinta Ɗahiru a fadama ana gab da yanka. Keken ɗinkinta ta sayar ta sayo 'yan tsakin, da fatan su kai sallah su riƙe gidan. Yau da ta buɗe akurki ta tarar da biyu sun sandare, sauran sun cure a kusurwa suna gyangyaɗi.

Ya Fanna ta kara tsakon a kunnenta, ta daɗe tana sauraro.

"Ba ya minshari, hancinsa ba majina. Kin ga wanda wuyansa ya murɗe, yana kallon sama?"

"A'a, Ya."

"Alhamdu lillahi, ba cutar nan mai share akurki ba ce. Kashinsu fa?"

"Ruwa-ruwa ne, da ja a ciki."

"Ƙasan akurkin a bushe yake?"

Suwaiba ta sunkuyar da kai. Tun da ruwa ya ja baya ƙasar gidan take tsattsafowa, ɓuntun shinkafar da ta shimfiɗa musu ya jiƙe ya dunƙule.

"Kashin jini ne, 'yar nan, damshi ke kawo shi. Me kika ba su?"

"An ce in daka barkono in zuba a ruwansu."

Tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Hanjin da ke zubar da jini za ki zuba wa barkono? Zubar da shi. Ki ware masu gyangyaɗi a kwando daban, ki kwashe ɓuntun nan ki kai shi nesa, ki shimfiɗa busasshe. Ki sa musu garwashi a kasko, ki kife da abin da ba za su faɗa ciki ba. Sannan ki ɗauki mushen guda ki kai wa Malam Rilwanu mai duba dabbobi. Ni ido nake da shi, magani yana wurinsa."

Kafin azahar Suwaiba ta tari adaidaita zuwa bakin kasuwa, mushen a ƙulle cikin leda. Malam Rilwanu ya buɗe cikin tsakon, ya nuna mata hanjin da ya cika da jini, ya ce tsohuwa ta gani daidai. Ya ba ta garin magani, ya gwada mata yadda za ta auna a ruwan sha.

"Har masu lafiyar su sha. Kuma ko kin ga sun warware, kada ki tsaya sai kwanakin sun cika. In sun murmure ki dawo a yi musu rigakafi."

Ɗahiru ya ɗauko buhun ɓuntu daga injin casa a bayan babur, ya ɗaga ƙasan akurkin da bulo da katako. Waɗanda suka kasa sha da kansu, Suwaiba ta riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya tana tsoma bakinsu a ruwan, tana jira su haɗiye. Wanda kashi ya toshe wa baya, ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta goge masa a hankali. Duk da haka washegari wasu suka sake mutuwa. Ta zauna a gindin turmi ta yi kuka mai isarta, sannan ta wanke fuska ta shiga maƙwabta.

A tsakar gida Saudatu ta tare ta, murya ƙasa-ƙasa. "Tun jiya ta ƙi cin komai. Ke kaɗai take tambaya."

Ya Fanna ta ƙara ramewa, numfashinta yana fita da ƙyar, amma tana ganin Suwaiba ta ɗago kai.

"Yaya mutanena?"

Suwaiba ta karɓi kofin daga hannun Saudatu. "Sai kin sha kunu zan faɗa miki."

"Ji 'yar nema! Ni za ki yi wa ciniki?"

Ta sha kuwa, cokali bayan cokali. Da ta ji an yi asara ba ta girgiza ba. "Waɗanda ciwon ya riga ya ci ne. Sauran suna shan ruwa da kansu? To ki kwantar da hankalinki."

Haka suka riƙa yi kullum da hantsi, labari a bakin kunu. Jan da ke kashin ya ragu, ya ɗauke. Mutuwa ta tsaya. Ranar Alhamis Suwaiba ta zuba dusa, sai ga na cikin kwandon ma sun taso suna ture juna, har da tonon ɓuntu. Ko mayafi ba ta gyara ba ta ɗauki kwandon ta yi gidan Ya Fanna.

Ɗakin ya cika da mata, ana ta tofa addu'a. Suwaiba ta tsaya turus, ta juya za ta fita da kwandon, sai kukan 'yan tsakin ya cika ɗakin. Tsohuwar ta buɗe ido.

"Ku bar ta ta matso."

Suwaiba ta ɗora mata ɗaya a kan ƙirji. Ya tsaya da ƙafafunsa, ya karkata kai, ya kai wa ƙwayar carbinta sara.

"Kukan yunwa ne wannan," in ji Ya Fanna, a hankali ƙwarai. "Sun tashi. Ki dai ƙarasa musu maganin."

"Zan ƙarasa, Ya. Ki yafe min wahalar da na ba ki."

"Wace wahala? Ke kika ɗebe min kewar kwanciya."

Bayan la'asar ta cika, kalmar shahada a bakinta, kanta a cinyar Saudatu. Kafin magariba maza suka ɗauke ta, Ɗahiru yana cikin masu riƙe makara. Suwaiba ta yi kwanakin makoki tana kai da kawo, ta dafa wa masu gaisuwa abinci a can, ta zaga gida ta sauya wa 'yan tsaki ruwa, har maganin ya ƙare.

Ranar da baƙi suka watse rana ta fito sosai, ƙasa ta bushe. Suwaiba ta buɗe akurkin ta bar su su sha iska. Tana shara ta waiga, ta ga sun ragu. Ta bi sawunsu zuwa rariyar da ke gindin katanga, ta taka turmi ta leƙa.

Saudatu ce zaune a ƙofar ɗakin mahaifiyarta, tana tsince shinkafar sadaka a faifai, zannuwan tsohuwar da aka wanke suna ɗiga a kan igiya. 'Yan tsakin sun kewaye ƙafafunta. Ba ta kore su ba. Ta ɗebi tsakin shinkafa da yatsu ta watsa musu, ta ci gaba da tsintarta.