Shinkafa a Dama, Miya a Hagu

Tun da ƙanƙara ta narke a kan tuddan bayan gari Yom Dokbe, wanda kowa ke kira Baban Miran, yake neman ranar da Pyo Gumne za ta taka gidansa. Ita ce Maman Tesu, mai sayar da awara a bakin kasuwar kifi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, shi ma matarsa ta shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Wata uku ke nan da ya tambaye ta ko za ta aure shi, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi sai ta ga gidan tukuna, don ita ba za ta yi zaman baƙunta a ɗakin matacciya ba. A ƙarshe ta sa masa Asabar, ta ce za ta zo cin abincin yamma, a nan zai ji amsarta.

Ranar bai buɗe shagonsa na gyaran injin jiragen ruwa ba. Da sassafe ya hau tudu ya karyo rassan jindale da suka yi fure ja-ja. Ya taɓa gani a talabijin cewa mata na son fure da kyandir, to ga fure, kyandir kuwa akwai shi a akwati. Ya sauko da akwatin daga saman kabad, ya fito da kwanonin tagulla da mazaunin kyandir guda biyu, ya goge su har yana ganin furfurarsa a ciki.

Girkin bai ba shi wuya ba. Hannunsa ya san aikin, bai ma tsaya yin tunani ba. Ya yi miyar naman sa, ya dafa ganye kala uku, ya gasa kifi sukutum, kai da wutsiya. Ya yanke kawunan tuffa uku ya ɗora su a faranti. Ya jawo gajeren tebur tsakiyar ɗaki, ya jera komai layi-layi, kyandir ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, ya kunna su. Da ya ja baya ya duba, har wani daɗi ya ji.

Gumne ta iso rana ba ta gama faɗuwa ba, riƙe da ƙunshi a ɗankwali. Ta tuɓe takalmi tana tsokanarsa, wai yau har da aski, ko dai an kira shi ofishin gwamna ne. Tana ɗaga kai ta ga teburin, sai dariyar ta tsaya. Ya nuna mata matashin zama, ba ta zauna ba.

“Baban Miran,” ta ce a hankali, “yaushe na mutu ban sani ba?”

Sai a lokacin ya ga abin da ya yi. A al'adarsu, mai rai shinkafarsa a hagu take, miya a dama. Shi kuwa ya sa mata shinkafa a dama, miya a hagu, yadda ake ajiye wa mamaci a ranar tunawa da shi. Tuffa mai yankakken kai, kyandir biyu, abincin da babu tafarnuwa babu barkono, duk na mamata ne. Teburin da yake shirya wa matarsa duk shekara ya shirya wa Gumne, fure kawai ya ƙara.

Ta gyara riƙon ƙunshinta, ta kalli inda takalminta yake. Ya so ya ce mantuwa ce, amma ya san ba za ta yarda ba, kuma shi ma bai yarda ba.

“Maman Tesu, wannan kaɗai na iya,” ya ce. “Shekara goma sha ɗaya ban shirya wa mai rai tebur ba. Ni a tsaye nake ci, a bakin tukunya.”

Ya durƙusa ya hure kyandirorin, ya mayar da su akwati ya rufe. Ya kwashe tuffar. Ya ɗauki kwanon miya da hannu biyu, tagullar na ƙona masa yatsu, ya mayar da shi dama, shinkafa ta koma hagu. Miya ta ɗan zube a teburin, ya rasa tsumma, sai ya sa hannun sabuwar rigarsa ya goge.

Gumne ta daɗe tana kallon hannun rigar. Sannan ta zauna, ta kwance ƙunshin. Kimcinta ne a kwano, wato sabon ganyen da ta tsima a randa, jajur da barkono, warin tafarnuwa ya cika ɗakin. Ta ture kifin gefe ta dasa kwanon a tsakiyar tebur.

Ta ɗanɗana miyarsa, ta ɓata fuska, ta ce ko mamatan ma haƙuri suke yi da shi. Ta tambaye shi wane wata ne ranar tunawa da Maman Miran, ya ce watan goma. Ta ce to ranar ya fito da tagullarsa ya jera yadda ya saba, ita za ta taya shi suya, amma sauran ranakun shekara kada ya kuskura ya taɓa mata tebur.

Ya juya maganar a ransa, bai tabbata ya ji daidai ba. Ya tambaye ta ko amsar ke nan.

“Zauna ka ci, tsoho,” ta ce, tana ɗora masa kimci a kan shinkafa. “Gobe ka zo da motarka, randunan kimcina suna da nauyi.”