Baƙin Gashin Murdo

Shekara talatin ke nan Murdo Rennie ne ke fara taka ƙofar kowane gida a ƙauyensu da zarar sabuwar shekara ta kama. Ba hali ne ya ba shi wannan matsayi ba, don kowa ya san shi da rowa. Tsawo ne da baƙin gashi. Mutanen arewacin Scotland sun yarda cewa in dogo mai baƙin gashi ya fara shigo maka gida da dunƙulen gawayi a hannu, shekara ta yi albarka. In mai furfura ne kuwa, sai ka shirya.

Abin da Murdo ke ɓoyewa shi ne kansa ya yi fari fat tun shekara tara da suka wuce. Duk wata yakan yi tafiyar awa biyu zuwa Inverness ya sayo rini, don kada mai shagon garinsu ta ji ƙanshin zancen. Bana kuma abin ya tsaya masa a rai. Amininsa Dougal ya rasu da bazara, gidan Dougal kuwa shi ne na farko da yake shiga. Tun ranar jana'izar yake zargin kansa cewa shi ya kai musu mutuwa da gashin ƙarya. Sai dai zargin bai hana shi sayen rini mai araha ba da ya ga an ƙara wa na kullum kuɗi.

Daren jajiberen sabuwar shekara abokai suka taru a bakin teku kamar kowace shekara, suka kewaye wutar da aka hura a cikin tsohon duro. Kowannensu yana da gida mai ɗumi taku goma daga wurin, amma sai a tsaya a waje haƙora na kaɗawa, ana rantsuwa cewa bana babu sanyi. Kowa da hula har kunne, ban da Murdo, da ya bar kai a buɗe don jama'a su ga abin da suke dogaro da shi.

"Kai Murdo, sa hula mana," in ji Lachie masunci, yana miƙa masa kwalba. "Kunnuwanka sun yi ja kamar barkono."

"Ni sanyi bai san ni ba."

Saura kaɗan sha biyu ta buga aka kece da ruwa mai haɗe da ƙanƙara. Ƙararrawar coci ta kaɗa, aka hau rungumar juna. Lachie ya haska Murdo da tocila, ya ja da baya.

"Wai mutumina, kanka ne ke kuka?"

Baƙin ruwa ne ke gangarowa daga goshin Murdo har cikin kwalar rigarsa. Araha dai ba ta ado. Aka bushe da dariya, har wata ta ce a taso sabon likitan garin, shi gashinsa na Allah ne. Murdo ya ɗauki gawayinsa ya nufi gidan Dougal, kunya da baƙin ciki sun cika shi.

Effie, matar marigayin, ta buɗe ƙofa. Ya tsaya a dokin ƙofar ya kasa ɗaga ƙafa.

"Effie, kada ki bari in shiga. Gashin nan rini ne, shekara tara ina cutarku. Wataƙila ma ni na jawo wa Dougal."

Ta ƙare masa kallo, daga baƙin goshi har jiƙaƙƙen takalmi.

"Sigari ne ya kashe Dougal, sakarai. Ka taɓa tambayar kanka dalilin tsohon tawul ɗin da ke bisa kujerar da kake zama? Shi yake shimfiɗa maka duk shekara, tun da rininka ya ɓata mini matashin kujera. Ya ce duk wanda ya faɗa maka, shi da shi."

Murdo ya leƙa ta bayan kafaɗarta. Tawul ɗin yana nan bisa kujera, an shimfiɗa shi a karkace.

"Ban iya shimfiɗa shi yadda yake yi ba," in ji Effie. "Shigo mana, kana fitar mini da ɗumin ɗaki."