Lodin Kajin Hansai

Kaji ashirin da huɗu Hansai ta tara a gidansu da ke Jambutu, cikin Garwa, kuma ko ɗaya ba ta sayarwa ba ce. Duk na Ni'imatullahi ne, 'yarta da ke aure a Ngawundere, wadda za ta zo wankan gida nan da wata biyu. Tun ranar da aka gaya mata labarin cikin ta daina taɓa ƙwai, ta bar uwaye suna ta ƙyanƙyasa. Ta ɗauri aniyar 'yarta sai farfesun kaza ya gundure ta kafin arba'in. Ita a nata jegon na fari kaza biyu kacal aka yanka, ɗaya ma 'yan barka suka cinye, kuma har yau in ta tuna sai ranta ya sosu.

To, kaza ba ta san na jego ba ce. Kullum suna waje suna tone-tone. Ɗan moto ya bi ta kan biyu da babur ɗinsa, sauran kuma suka shiga lambun maƙwabci suka yi wa yakuwarsa aski tas. Maƙwabcin nan, Misye Rodrigue, tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya, mutum ne mai sanyin hali. Bai zo da faɗa ba. Ya yi sallama da maigidan, Malam Mailafiya, ya ce a killace kajin nan da waya tun kafin titi ya ƙarasa su.

Har tsakar gida Mailafiya ya shigo da shi. Misye Rodrigue ya taka ƙasa yana ƙirga taku, shida nan, biyar can. Ya ce kowace kaza tana son aƙalla mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, da inuwa, da turɓayar da za ta yi birgima, in ba haka ba su da kansu za su cinye juna. Da ya gama takunsa sai ga shi ya zagaye gindin mangwaro kaf.

Nan fa ake yin ta. Gindin mangwaron nan shi ne fadar Mailafiya. Tun da gwiwa ta ajiye shi ya bar harkar shanu, a nan yake shimfiɗa tabarma bayan azahar, tsofaffin abokan fatauci da mahauta su taru ana shayi, yana ba su labarin da suka ji sau ɗari. A ce kaza ta tashe shi daga nan? Sai ya yi murmushi, ya raka baƙo har ƙofa da godiya, ya dawo yana girgiza kai, wai ilimin takarda ke nan.

Shekara talatin Mailafiya ya yi yana lodin shanu daga Maiganga da Ngawundere zuwa kudu, kuma gaskiya ya iya, wannan ba mai ƙwace masa. Abin da ya sani shi ne, saniyar da ta sami wuri a cikin mota ita ce take faɗuwa, in ta faɗi kuwa 'yan'uwa su tattake ta. Dabba a matse ake son ta, kowa ya tokare ɗan'uwansa. Ya zaunar da Hansai ya karanta mata wannan karatu tiryan-tiryan, har da nuni da hannu. Ya ƙara da cewa kazar da ba ta yawo ita ke yin kitse, wannan ko yaro ya sani.

Hansai ta ce, "Malam, ai su shanun kwana biyu suke yi a sauke su."

Ya ce dabba dabba ce, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yaron nan da ake faɗa, Hansai ce, mai shekara hamsin da ɗoriya. Ta haɗiye, don ta san mijinta: in ka ja da shi kan dabba, to ka zagi kakansa.

Washegari ya sayo waya da sanduna da tsohon kwano falle biyu. Ya zaɓi lungun bayan madafi, jikin katangar da rana ke duka tun hantsi har la'asar, ya kafa abinsa taku biyu da biyu, ya rufe da kwano daidai ƙugunsa. Da kansa ya yi lodin, manya a gefe, ƙanana a tsakiya, yana yi yana yi musu irin kiran da ake wa shanu. Da ya tura ta ƙarshe ya ja ƙyaure, sai ya leƙa ya ce ai ko biyar aka ƙaro za su shiga. Abokan majalisa suka zo kallo. Su ma duk 'yan shanu ne, suka ce ma sha Allah, lodi ya yi, hannu bai manta ba.

Kwana uku ba a yi ba ƙwai ya ɗauke ɗif. Kaji suka fara figar juna, duk wadda aka ga ja a bayanta sai a taru a kanta. Kwanon ruwa kuwa ana ajiyewa za a kife shi, ƙasa ta zama caɓi, warin har ɗaki. Hansai ta nuna masa wata wake-wake da aka fige wa wuya sarai. Ya ce sabo ne ba su yi ba, haka shanu ma suke yi kafin a fita gari. Ta roƙe shi ko da rabin inuwar mangwaron ne, ko da a riƙa sakin su da yamma. Ya ce in an sake su ai an ɓata lodin. Wallahi ranar ta ji kamar ta kwaɗa masa muciya. Sai ta koma tana jiƙa buhu tana shimfiɗawa kan kwanon, kafin ta juya baya ya bushe ƙarau.

Ga shi kuma tsakiyar bazara, bazarar Garwa da ko mutum mai fanka sai ya nemi gafara. Ranar Laraba aka wayi gari babu iska ko ta ɗaga ganye. Wajen azahar Hansai ta je da ruwa, ta ji lungun tsit, babu ko kyarkyara. Ta leƙa ta ga bakuna a buɗe, fukafukai a sake, na tsakiya sun zube wasu sun hau kansu. Ta fizge ƙyauren ta fara jawo su waje, jikinsu zafi kamar an sauke daga murhu. Uku sun riga sun sanƙare.

Ta ɗaga murya ta ce, "Malam, kawo wuƙa, za su zama mushe."

A nan kam Mailafiya ya nuna shi ɗan harka ne. Gwiwar da ta hana shi zuwa kasuwa ta warke nan take. Ya tsuguna yana bismilla yana yankawa, mahautan majalisa biyu suna miƙo masa duk wadda ido ya fara juyewa. Hansai tana gefe tana yayyafa wa masu sauran numfashi ruwa, hawaye na bin fuskarta, ba ta ko share ba. Da aka lafa, goma sha biyar ne yankakku a jere a ƙasa, ban da ukun da suka zama mushe.

Nama a wannan zafi ba ya jira, firij kuwa babu. Dole aka ɗora tukwane uku, aka yi figa, aka yi farfesu, aka shiga rabo gida-gida. Mutanen unguwa kuma duk sun san kajin na mene ne, Hansai ta sha faɗa. Da suka ga kwanon kaza ya shigo, sai kowa ya ce ai Ni'ima ta sauka. Kafin la'asar sakaliya mata sun cika gida, wata da sabulu, wata da atamfa, ana ta barka da arziki, mace ko namiji? Hansai ta yi bayani sau ɗaya, sau biyu, a na uku ta nuna musu gindin mangwaro ta ce su je can, mai jegon yana zaune. Aka yi dariya a cikin mayafi, aka kwashe sabulai aka fita. Misye Rodrigue ma an kai masa nasa kwanon. Ya karɓa ya ce sannu, kuma wannan sannu ta fi zagi ciwo.

Tana tsugune tana wanke tukwane wayarta ta yi ƙara. Ni'imatullahi ce, muryarta fes, tana cewa ta je awo an ce komai lafiya, ƙafa ce dai ke kumbura. Sai ta ce, "Inna, ya kajina? Jiya har mafarkin farfesu na yi."

Hansai ta miƙe da kumfa a hannu, ta taka har gindin mangwaro inda Mailafiya ke zaune shi kaɗai, abokai duk sun sulale. Ta miƙa masa wayar ta ce ga 'yarsa tana tambayar kajinta. Ya karɓa kamar an ba shi garwashi. Ya yi gyaran murya, ya tambayi lafiyar mijinta, ya tambaya ko an fara ruwa a Ngawundere. Da yarinyar ta maimaita tambayarta, sai ya janye wayar daga kunne yana alo, alo, wai rezo, wato layin waya, ba kyau, ba ya jin ta.

Hansai ta sunkuyo daidai bakin wayar ta ce, "Rezo lafiyarsa ƙalau, Ni'ima. Saura huɗu."