Wutar Wankan Tasalla

Jiya da dare na yi wani mafarki, wai yayata Tasalla ta haihu, kuma babu wuta ko ɗaya a garin. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa zuwa sama, ya jiƙa murahu ta ƙarƙashi. Goggo Dudu tana tsaye kan tukunyar wankan jego da ganyen darbejiya a hannu.

"Ilu, in mai jego ta kwana ba ruwan zafi, sanyi ya shige ta ke nan. Tashi."

Sai ga ni a ofishin wuta. Wani bunsuru ne ke kan kujera, yana cin labule. Na gaishe shi, na faɗi bukatata.

"Wuta ta ƙare," in ji shi. "Amma akwai saura cikin iska."

Ya zare ƙahonsa na hagu ya miƙo mini. Wai in rarake cikinsa sumul, in feƙe sanda daidai ramin, in maƙala audugar rimi a bakinta, in danna. Iskar da aka matse ita za ta kunna audugar.

Na yi. Na danna, iska ta zurare ta gefe tana dariya. Wata kaza da ke ɗinki a bakin hanya ta ba ni zare, na naɗe sandar, na shafa mata kitse. Na rataya ƙahon a wuya na koma gida a kan wani jaki da ke tafiya da baya.

Tasalla ta fara rawar sanyi. Na yi wa iskar sallama, na ba ta haƙuri, na tura sandar a hankali. Audugar ta fito fara fat.

"Lallashinta kake yi?" in ji Goggo. "Ɗan nan, ko sauro sai ka roƙe shi ya tashi. Doke ta!"

"Goggo, ba ta yi mini komai ba."

Haƙoran Tasalla suna ta kaf-kaf-kaf. Na runtse ido, na zabga wa sandar tafin hannu da duk ƙarfina, na fizgo ta. Ga ɗan ja a bakin audugar, kamar idon tsuntsu. Goggo ta hura shi cikin kara, tukunya ta soma kuka, Tasalla ta ce, "Ashe ka iya."

Ina shirin neman gafarar iskar, injin markaɗen maƙwabta ya tashe ni.